Ruwan Da Na Je Karantawa

Shekarun baya can, cikin shekarun saba'in lokacin da fari ya matsa wa ƙasarmu, na dawo gida hutuna na farko daga jami'a. Ƙauyenmu yana gefen Guci, cikin yankin Dungas. Gwamnati ce ta tura mu karatu wata ƙasa ta bakin teku, inda na shekara ina koyon tushen aikin banki da kasuwar hannun jari: yadda ake ajiya, yadda ake ba da rance, da abin da ke sa kuɗin ruwa ya hau ko ya sauka. Na sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da wando mai faɗin ƙafa da suma himili guda, ina jin duk ƙasar Damagaram babu mai ilimi kamata.

Abu ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya: mahaifina bai san abin da nake karantawa ba. Manomi ne mai ƴan shanu, kuma mutum ne mai tsantseni a kan addini. Tun farko da ƙyar ya bari aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, ya kuma ce duk ilimin da zan yi in yi, muddin ba zai shigo masa da haram gida ba. Na san ra'ayinsa a kan riba sarai, domin akwai wani mai ba da bashi da ruwa a kasuwar Guci wanda ko hannu ba ya ba shi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, ba ma doguwar hira, sai na fake da wannan kunyar na yi shiru abina.

Mahaifiyata ce ta tambaya. Tana surfe a tsakar gida ta ce wai me ake koya mana ne can da ya fi ƙarfin Damagaram da Yamai. Duk abin da na sani da Faransanci na san shi, ban taɓa juya shi zuwa Hausa ba, ga shi kuma ba na son kalmar banki ta fito daga bakina. Sai na yi ta kame-kame, na ce mata lissafin ruwa ne, ana koya mana abin da ke sa shi hawa da abin da ke sa shi sauka. Ta ajiye taɓarya ta dube ni, ta ce Allah mai iko. Ni kuwa sarkin wayo na ɗauka na tsallake.

Kafin kasuwa ta zagayo, gaisuwar da ake yi mini ta canza. Tsofaffin da suka saba tsokanata da ɗan lakwal mai hannun mata suka koma matsa mini wuri a inuwa. In na wuce sai in ga mutum ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ban gane ba sai da gwaggona ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, tana cewa ashe saukar ruwan sama aka tura ni in karanto, a wannan shekara da ake nemansa ido rufe.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Sau da yawa nakan nufi ɗakin Inna da niyyar gyara zancen, sai in tuna duk abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya isa na Baba, in ɓuge da tambayarta ko akwai sauran fura. Na riƙa ƙirga abin da zai biyo baya: ya ce ba zan koma ba, ko abin da ya fi wannan muni, ya janye albarkarsa. Tsoro nake ji ƙwarai, irin wanda ban ji ba ko a ɗakin jarrabawa.

Damina kuwa ta ƙi zama. An yi shuka da ruwan farko, rana ta ƙone ta tas. Abin da ya rage mana na irin gero ɗan kaɗan ne, wanda Baba ya hana a taɓa ko da yunwa ta yi yunwa. Sai aka wayi gari an yi wani ɗan ruwa marar ƙarfi. Gari ya rabu biyu, wasu na cewa a sake shuka tun lokaci bai ƙure ba, wasu na cewa wannan ruwan yaudara ne.

Da hantsi Baba ya leƙo zaure ya ce in biyo shi gona. Yana gaba ina baya. Da muka isa ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu, ya damƙi danshin ya murza, ya daɗe yana kallon gabas. Sannan ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kai, an ce abin da ka karanto ke nan. Irin nan shi ke gare mu, babu wani. In zuba ko in dakata?"

Ban taɓa jin ya nemi shawarar wani a kan gonarsa ba. Raina ya ce mini in faɗi ɗaya kawai, ai ko dai a dace ko a rasa, kuma in an rasa kowa ya san ruwa na Allah ne. Amma na dubi hannunsa da ke riƙe da ƙasar, na tuna ƙannena da abin da za su ci baɗi. Na durƙusa, na ce masa ni ban san komai game da ruwan sama ba. Ruwan da nake karantawa na banki ne, wanda ake ɗorawa a kan rance.

Ya kakkaɓe hannunsa a hankali.

"Da ka ce in zuba, da na zuba," in ji shi.

Ya shuka rabin irin bisa nasa ganin, ya ajiye rabi, abin da aka samu a shekarar kuma bai taka kara ya karya ba, kamar na kowa. Sauran hutun nan na yi shi ne kamar mai jiran hukunci. Ina gaishe shi yana amsawa, ina bin sa gona muna noma, amma zancen komawata bai taso ba, ni ma ban isa in tayar ba. Inna ta yi kukanta, ta ce na sa ta ji kunya a bakin rijiya, mutanen gari kuma suka maido mini da tsohon sunana har da ƙari.

Ana gobe motar Magariya za ta tashi, bayan la'asar, ya kira ni. Ya tambaye ni wannan ruwan na banki a kan wa yake sauka. Na ce a kan wanda ya karɓi rance. Ya ce wato irinsu, masu karɓar irin gyaɗa a koperatif, ƙungiyar manoma, su dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ta ƙunsa ba. Na ce haka ne.

"To koma ka karanta, gara a samu namu da ya san shi," ya ce. "Ban hana ka ba, ban kuma tsine maka ba. Amma in ka kama aiki a gidan nan nasu, kada ka kawo mini ko goro daga abin da suka biya ka."

A lokacin murna ce ta rufe ni, rabin farko na maganar kawai na ji. Na ɗauka rabin na biyu faɗan tsofaffi ne da zai wuce da zarar ya ga shadda.

Na gama karatu, na yi aikin banki shekaru masu yawa. Takardun rancen mutanen ƙauyenmu da dama sun bi ta hannuna kafin su sa yatsa, shi da kansa yake turo mini su. Amma rigar da na ɗinka masa da albashina na farko ya sa aka maido mini da ita a naɗe, da godiya. Abin da ya yarda ya karɓa daga gare ni ɗaya ne: in na zo hutu in ɗauki hauya in bi shi gona.

Yanzu na haura shekarun da yake da su a wancan lokacin, kuma na daina yi wa kowa bayani da kalma mai fuska biyu, ko da gaskiyar za ta ja mini. Ba na jin haushinsa ko kaɗan. Sai dai har yau abin yana sosa mini rai, domin na ciyar da mutane da yawa a rayuwata, amma mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa cin lomar tuwo ɗaya daga aljihuna ba.