Salansa Biyu, Ido Ɗaya

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwarara, har wanda bai taɓa mallakar jaki ba ya soma zancen mota, akwai wani mai walda a Faskari ana ce da shi Barau. Ɗan maƙera ne daga Daudawa. Ya tashi yana ƙera fartanya da lauje, ya je Funtuwa ya koyi walda, ya dawo da sana'a a hannu da ido ɗaya a fuska. Na hagun, tartsatsin ƙarfe ya tafi da shi tun yana koyo.

Tun daga nan Barau ya zama matsoraci, bai kuwa ɓoye ba. Ba ya tsayawa inda ake faskare. In guguwa ta taso sai ya kare fuska da hannun riga. Abokan wasansa sukan ce ya fi amarya lallaɓa kai, shi kuma ya ce mai ido biyu ke da na wasa. Ni dai ban ga laifinsa ba. Idon nan ke ci da shi da matarsa Mairo da 'ya'yansu, in ya tafi sai sanda da ɗan jagora.

Abin da ya yi suna a kai shi ne lanƙwasa bututun salansar mota. Ba shi da inji, dabara gare shi. Yakan ɗura wa bututun yashi ya cika dam, ya toshe bakunan biyu da turakun itace, ya gasa wurin da wutar walda har ya yi jawur, sannan ya saƙala shi a gwafar wata tsamiya ya ja a hankali. Yashin ke hana ƙarfen tsukewa. Amma dole ya bushe ƙayau. In da danshi, tururi zai taru a ciki ba mafita, turken ya fito kamar harsashi. Shi ya sa Barau ba ya yarda da kowane yashi sai na kaskon Mairo, wanda take soya gyadar sayarwa da shi.

Ana tsakiyar damina Alhaji Sha'ibu, wani ɗan kwangila daga Ƙanƙara, ya iso da tsohuwar motar Amurka, doguwa mai silinda takwas, wadda ya saya hannun wani Bature mai barin ƙasa. Ya ga irinta a Kaduna da salansa biyu, kowane gefen inji da nasa bututun, tana gurnani mutane na waiwaye. Shi ma haka yake so, kuma a ranar, don gobe zai shiga Sabuwa da ita wajen suna.

Bututun farko ya tafi lafiya lau. Na biyun ne ya fi tsawo, saboda sai ya kauce wa tankin mai, ya hau ta kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Barau na cikin ɗura shi yashi ya ƙare, da saura mai yawa. Ya shiga gida, Mairo ta kankare kasko tas bai isa ba. Ta ce ya saurara ta soya wani, sai dai itacen ya jiƙa, zai kai la'asar.

Da ya faɗa wa Alhaji, sai Alhaji ya dubi agogo, ya nuna tarin yashin masu gini a gefen hanya.

"Ga yashi nan shina kallonka, Malam Barau. Mi ya rage?"

Barau ya je ya sa hannu. Saman ya bushe, amma da ya nutsa yatsa ya ji sanyi. Ya san abin da sanyin nan yake nufi. To amma ga babban mutum a zaune bisa benci, ga jama'a sun zagaye mota, har wani ya fara cewa yau kuma yashi ake tsoro. Kunya ta yi masa abin da ƙarfi bai isa ya yi ba. Ya ɗebo na saman, yana faɗa wa ransa ai ya sha rana, ya cike bututun ya buga turke.

Ya juya bakin bututun wajen bango, ya sa baƙin tabarau, ya yi bisimilla ya kunna wuta. Ya kara harshen wutar a jikin bututun. Ƙarfe ya fara ja. Can sai ya ji wani siririn kuka daga ciki, irin na tukunyar da ta kusa tafasa. Ya janye wutar nan take, amma kukan bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa, ga mutane sun matso suna leƙe. Ya daka musu tsawa su ja da baya. Wasu suka ja, wasu suka yi dariya.

Tsoro ya ce masa ya gudu. Ya tsaya dai, don in bututun ya tsage a tsakiyar mutanen nan, alhakin a wuyansa yake. Ya ɗauki guduma don ya sassauta turken tururi ya samu hanya. Da baƙin tabarau ba ya ganin komai in ba wuta, sai ya ture shi goshi. Ya so ya ba wa bututun gefen hagu, inda ba sauran abin asara, amma ta nan ba ya ganin inda zai buga. Dole ya juyo da na daman.

Bugu ɗaya ya yi. Turken ya wuce ta gefen kunnensa ya fasa bango, yashi mai zafi ya biyo baya ya same shi a fuska.

A motar nan Alhaji ya kai shi asibiti Funtuwa, tana ruri ba salansa, Barau a kwance a baya yana salati. Aka wanke idon, aka naɗe, aka ce ya koma gida ya jira. Jiran ya fi ƙunar ciwo. Ya daina cin abincin kirki, in ya yi gyangyaɗi sai ya zabura yana shafa ƙyallen. Alhaji Sha'ibu ya yi ta zuwa da hatsi da ban haƙuri, har da hawaye. Barau ya ce masa ya bar zancen, ai hannunsa ne ya ɗebo yashin, kuma ya ji sanyinsa.

Ranar kwancewa malamin asibiti ya zo har ɗaki. Barau ya zauna a bakin gado. Aka warware ƙyallen, aka goge masa fuska da ruwan ɗumi, aka ce ya buɗe. Ya daɗe bai buɗe ba. Daga baya ya ɗaga fatar idon a hankali, ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya juya kai wajen ƙofa.

"Mairo, ɗage mani asabarin nan in gani."

Mairo ta toshe baki da gefen zane. Asabarin a naɗe yake tun safe, hasken rana ya shigo har kan ƙafafunsa.