Abin da Ke Ƙarƙashin Robar Murfi

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai yanka makulli, akwai wani ɗan shago da ake share ƙofarsa sau uku a yini. Mai shi ya shekara goma sha tara yana gyaran tukwanen lantarki, irin waɗanda ake kulle murfinsu su tara tururi, su dafa shinkafa kafin ka gama yanka albasa. A gabansa Mai Gyara ake ce masa, da ya ba da baya kuma sai a ce Malam Ƙyanƙyami. Ya san da sunan, bai kuma taɓa jin haushinsa ba. A ganinsa duk wanda ya ga abin da yake gani a tukwanen mutane, dole ya daina cin abincin gidan kowa. Shi kam ya daina tuntuni, ko ruwa aka ba shi sai ya ɗaga kofin ya duba.

Ya sha faɗa cewa cikin tukwane goma da ake kawo masa, takwas lafiyarsu lau, ƙazanta ce kawai ta kwantar da su. Mace za ta zo tana ƙamshin turare ta ce tururi na zurarewa ta gefen murfi, ya zare robar murfin ya tarar da maiƙon wata shida ya daskare a ƙarƙashi. Magidanci zai zo da kaya sun sha guga ya ce murfi ya ƙi kulluwa, alhali busasshiyar shinkafa ce ta liƙe ɗan ƙarfen da ke tashi ya kulle shi. Yana da wani tire da yake tara duk abin da ya ƙwaƙulo, ya tura shi gaban mai tukunya. Wasu ba sa sake dawowa, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba daga sama ya samo halin ba, a wurin Inna ya sha shi. Shi ne autanta, kuma tun yana ƙarami in ya wanke kwano sai ta goga yatsa a ciki, in bai yi ƙara ba ya koma bakin famfo. Yanzu ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a tsohon gidansu. Shekara guda ke nan Yaya, wadda yake bi, tana masa mitar cewa Inna ta wuce zaman kaɗaici, ya ɗauke ta tunda shi ke da ɗakin da ba kowa. Ɗakin kuwa cike yake har rufi da matattun tukwane da yake cirar kayan gyara. Amsarsa ɗaya ce kullum: matar da ke dafa shinkafarta ta wanke tukunyarta ba ta bukatar mai gadi. Ai shi ya sayo mata tukunyar don ta huta da wuta. Yakan leƙa ta ƙarshen mako, su gaisa a tsakar gida, ya wuce.

Wata safiya Yaya ta shigo da tukunyar a buhu, ta dire ta a kan teburinsa. Ta ce Inna ta ce kwana biyu shinkafa ba ta nuna. Ta ja kujera ta zauna, alamar ba inda za ta.

Yana murɗe murfin wani wari ya doke shi, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ya sa safar hannu ya zare robar. Ƙarƙashinta baƙi ƙirin da fumfuna, ga wani yauƙi da ke bin yatsa. Ba mamaki tururi ya ƙi taruwa. Ya zura allura a bututun tururi, wani dunƙule mai ruwan toka ya fito, har yau bai san ko mene ne ba. Ya ɗaga tukunyar ciki ya tarar da ƙanzo ya hau kan ƙanzo a farantin zafi, yadda gindinta ba ya ma zama daidai. Ya kifa jikin tukunyar ya kwance ƙusoshi huɗun ƙasa. Kyankyasai suka watse a teburin, manya da ƙanana, suka bar ƙwayayensu jere a jikin wayoyi. Ya fita da sauri ya tofar da yawu a kwata, ya daɗe a sunkuye.

Da ya dawo, hannunsa da kansa ya tara komai a tire kamar yadda ya saba, har ya fara tura shi gaba, sai ya tuna tukunyar wa ce. A nan ya lura da abin da ƙyama ta hana shi gani. Bayan tukunyar ƙal yake, an goge shi har rubutun maɓallan ya kankare. Cikinta ma kamar madubi. Duk inda tafin hannu ke kaiwa tas yake.

“Kullum sai ta wanke ta, Auta,” in ji Yaya. “Idon ne babu, hancin ma ya tafi. Da ka shiga ɗakin da ka sani.”

Har la'asar yana kankara da ruwan zafi da buroshi. Babu abin da ya lalace, ko fiyus bai ƙone ba. Ya zuba ruwa ya gwada, ɗan ƙarfen ya tashi ya kulle murfi yadda ya kamata. Ya rufe shago ya ɗauke ta da kansa.

Rabonsa da cikin ɗakin Inna an yi watanni. Da ya yi sallama ta juyo da fara'a, amma gefen ƙofa take kallo, ba shi ba. Ta ce tunda Yaya ta ce zai zo, ta ajiye masa ragowar shinkafar jiya, wadda tukunyar ta dafa ta ƙarshe. Ta lalubo faranti, ta goga yatsa a ciki har ya yi ƙara, sannan ta zuba masa. Shinkafar rabinta ɗanya ce, ta fara tsami, ga baƙaƙen ɗigo da ya san ko na mene ne. Ta zauna tana jiran ta ji ƙarar cokali.

Ya kai loma. Ya haɗiye da ƙyar. Ta tambaye shi me ya sami tukunyar.

“Waya ce ta saki, Inna,” ya ce, shi da bai taɓa rufa wa mai tukunya asiri ba. “Amma sai ana duba ta kullum. Gobe zan kwashe tarkacen ɗakin nan nawa, ku dawo can ke da ita.”

Ta shafa murfin tukunyar da tafin hannu. Can ta ce to, amma ya cinye, ba ta son a bar mata saura a faranti. Ya sunkuyar da kai ya cinye tas.