Ranar da aka zuƙe min ruwan gwiwa

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya kira ni Makka, gwiwata ta dama ta kumbura ta yi suntum kamar ƙwarya. Ni kuwa murna ta hana ni zama. Na ɗinka jaka, na sayi harami, na bi dangi da sallama tun daga Garoua har Ngong, ina ɗingishi ina washe baki. Sai da na wayi gari na kasa sujada, na yi sallar asuba a kan kujera, sannan jikina ya yi sanyi. Tun ina yaro a gaban allo nake mafarkin zagaya Ɗakin Allah da ƙafata. Ba na so a tura ni a keke.

Mijin 'yata ne ya ɗauke ni a moto, wato babur, zuwa asibiti. Bafulatani ne mai tsananin kunya, tun da ya auri yarinyar nan bai taɓa kallon tsabar idona ba. Likitan da muka samu mutumin kudu ne, ba Hausa ba Fillanci, sai Faransanci. Ni kuma ajami na iya, ko takardar magani aka ba ni sai na nemi mai karanta min. Dole surukina ya zama tafinta.

Likita ya latsa gwiwar ya ce ruwa ne ya taru, za a zuƙe shi, kuma in Allah ya so zan yi ɗawafi da ƙafata. Jin haka na ce a yi yanzu, har ina taya su naɗe wandona. Aka yi min allurar kashe zafi, aka ɗan jira. Sai likita ya ɗauko wata doguwar allura ya taɓa wurin, ya yi wa surukina magana. Daga baya na gane cewa ya yi a tambaye ni ko ina jin tsinin.

To, ta yaya wannan yaro zai dubi surukinsa ya ce yana jin zafi? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Ni ma ta yaya zan yi raki a gaban mijin 'yata? Na ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Ya juya ya ce wa likita wai komai daidai ne.

Jama'a, allurar nan ta shiga, na ji ta har cikin haƙorina. Na damƙe bakin gado, na kama salati a zuci, na bar shi na koma istigfari, na rasa wanda zan riƙe. Gumi ya jiƙe min hula. Surukina yana kallon yatsun ƙafarsa, ni ina kallon silin, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa.

Allah ya kawo wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce 'yar wajen Kaélé, da Hausarta ta kasuwa. Kallo ɗaya ta yi min ta daka wa likita magana ya tsaya.

"Baba, kana jin allurar nan?"

"'Yar nan, ina jin ta har tsakar kaina."

"To me ya hana ka faɗa?"

Na ɗan karkata ido wajen surukina. Ta dube shi, ta dube ni, ta tafa hannu.

"Kai, ku da kunyarku! Nan lopital ne, gidan magani, ba zauren gaisuwa ba. Kai ango, fita waje ka jira. Baba, in ya yi zafi ka yi ihu, ba wanda zai kai labari gida."

Likita ya riƙe kai da ya ji bayani. Ta fassara min cewa in wuri ya kumbura sosai, wani lokaci maganin ba ya kamawa da wuri, da na yi magana da ya ƙara. Ya ƙara ɗin, aka jira sosai. Wannan karon nauyin hannunsa kawai na ji. Ina kallo sirinji yana cika da ruwa rawaya kamar man gyaɗa, gwiwar tana saɓewa a gaban idona. Da aka gama na lanƙwasa ƙafar a hankali, ta lanƙwasu! Na yi kabbara da ƙarfi har surukina ya faɗo ɗakin a guje, ya zaci wani abu ya same ni. Ya tarar ina dariya ina ta naɗe ƙafa ina miƙewa kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Na yi ɗawafina da ƙafata, na yi Safa da Marwa, na sa goshina a ƙasa a gaban Ka'aba. Can na yi wa matar nan addu'a, ko sunanta ban sani ba.

Har gobe ina ganin kunya ado ce, ban kuma daina jin ta ba. Amma na koyi cewa gadon asibiti ba wurinta ba ne, kuma faɗin inda ke ciwo ba ya rage wa mutum haƙuri a wurin Allah.

Ranar da muka sauka a filin jirgin Garoua, surukina ya karɓi jakata, idonsa a ƙasa kamar kullum. Ya yi ta juya hannun jakar, can ya ce, "Baba, gwiwar... tana ciwo?"

Na ce, "Kaɗan, ɗana. Riƙe ni mu je."