Gaisuwar da Na Hana Ka, Malam Abdoulkarim

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 11 ga Maris 2025, cikin azumi, labari ya iske mu a biro, wato ofis, cewa Allah ya karɓi ranka bayan jinyar kwana huɗu, Malam Abdoulkarim, mai kula da na'urorin kamfaninmu na sufuri a Harobanda.

Ni ce Balkissa, mai riƙe da takardun ma'aikata. Kowa yana da alherinka da zai faɗa. Direbobi suna tuna yadda kake zama kan benci kana gyara musu waya, ba ka taɓa cewa wannan ba aikinka ba ne. Ni kuwa nauyi gare ni.

A biron nan lambar wifi a bango muke rubuta ta, don direba da baƙo su samu rezo, su hau intanet. Kowace ordinatar kuma, wato kwamfuta, tana nuna kanta ga duk wanda ya shiga wifin. Mu dai sauƙi muke gani: ka danna sunan abokin aiki, ka ɗauko takarda ba ka tashi ba. Wata safiya bara ka bi tebur tebur ka kashe wannan bayyanar, ka bar na'urar buga takardu kaɗai. Na duba, sunayen duk sun ɓace. Wallahi na yi maka tas a gaban mutane, na ce ka cika shisshigi. Ka ce, "Hajiya, yi haƙuri. Ƙofar da ba a bukata, rufe ta ya fi." Wata takwas ban amsa gaisuwarka ba. Kai kuwa ba ka fasa ba.

Sai a zaman makoki, a gidanka na Kirkissoye, darakta ya ja ni gefe ya faɗa mini. Ashe takardun likita na ma'aikata da ke ordinatar tawa a buɗe suke, ciwon da mutum bai faɗa wa matarsa ba, kowane baƙo yana iya karantawa. Ni na buɗe su da hannuna, na manta. Da darakta ya tambayi mai laifi, ka ce sakacinka ne. Kai aka rubuta wa takardar gargaɗi. Da sunana ka faɗa, da ranar an sallame ni.

Kaico! Ina zan same ka in ce ka yafe? Na durƙusa gaban matarka Haoua na roƙe ta, ta ce ko sau ɗaya ba ka kai ƙarata gida ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Allah ya jiƙanka, ya rufa maka asiri ranar da asirai za su tonu, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba Haoua da 'ya'yanku da dangi na Zinder haƙuri. Ni kuma, ya Allah, ka isar masa da sallamata.