Kwana Uku a Kan Ƙanƙara

"Ita ce yayar marigayiyar?"

"Ita ce. Wai aikinta ke nan, maganin barcin tiyata."

"To, ga shi ya ci ƙanwarta."

"Kai, a hankali, tana ji!"

Matan da suka zo gaisuwa ne. Mulikatu tana ji. Tana zaune a tabarma a tsakar gidansu na unguwar Maamobi, kwana biyu da binne ƙanwarta Muniratu, ba ta ko ɗaga kai ba.

Shekara goma sha ɗaya tana hawa motar haya ta trotro zuwa wani ɗakin binciken kimiyya. A unguwa an ɗauka nas ce, ta gaji da gyara musu. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. A jikin ƙwayoyin da ke kare mutum daga cuta akwai wani furotin, shi ke fara jin shigowar cuta. Ita ke rainon ƙwayoyin a kwalba, ta tace furotin ɗin, ta haɗa shi da maganin barci a ɗaki mai duhu. Sai ta haska wata fitila, maganin ya manne a inda ya zauna, na'ura ta nuna wurin. Abin da suke nema: ko maganin yana toshe furotin ɗin, cuta ta shiga bayan tiyata jiki bai sani ba?

Muniratu ta farka lafiya bayan an ciro mata jariri. A kwana na biyar ɗinkin ya ruɓe, zazzaɓi ya tafi da ita.

Wata biyar Mulikatu ta yi kafin ta tara furotin da bai cika rabin cokali ba. Ranar da ya fito, ranar aka kira ta cewa jikin Muniratu ya tsananta. Ta ɗora shi a kan ƙanƙara ta fita a guje. Ba ya jure daskarewa, ba ya wuce kwana uku, kuma ita kaɗai ta iya haɗin. Yau da magariba zai lalace.

A gidansu kuwa, 'yan'uwan mamaci ba sa taka waje sai an yi addu'ar uku. Addu'a sai gobe.

Da aka kira la'asar ta rarrafa wajen Goggo Amama, yayar babansu, wadda ke riƙe da jaririn.

"Goggo."

"Na ga idonki tun safe a kan ƙofa. Kin ji abin da ake faɗa a kanki, kuma ki fita?"

"Na ji. Ni ma ban san ko gaskiya suke faɗa ba, amsar tana can tana lalacewa." Ta kama gefen mayafin tsohuwar. "Goggo, don Allah ki ba ni awa biyu."