Ludayi Takwas

Jama'a, na daɗe ban ce uffan ba a nan. Abin da ya buɗe mini baki yau, wata yarinya ce a unguwarmu mai tarin fuka, an ware mata kwano ana kallonta kamar ta yi sata. Sai na tuna nawa.

'Yan shekaru ne bayan 'yancin kai, ina saurayi. Na baro gidanmu a wajen Garhanga, ina aikin gini a wani ƙauye kusa da Madawa. Kiristocin garin kaf mu takwas ne, muna sujada a zauren wani dattijo, Baba Iliya. Ba benci, ba ƙararrawa.

Lahadin farko ta kowane wata muna cin jibin Ubangiji: waina ɗaya, da ruwan zoɓo a ƙwarya ɗaya mai ɗinki a gefe, tana zagayawa baki zuwa baki. Tun da na zama Kirista dangina suka ja baya da ni. Ƙwaryar nan ce kaɗai inda nake sa baki bayan wani.

Tari ya fara da kaka. Na ce ƙaiƙayin gero ne. Sai zazzaɓin yamma, sai wando ya daina zama a ƙugu. Ran da na ga jini a kaki, na tura masa ƙasa da ƙafa, ban gaya wa kowa ba.

Wata biyu ina ɓoyo, kuma sau biyu na sha ƙwaryar nan. Har yau ina jin kunyar wannan wauta.

Baba Iliya ne ya gane, ya sa ni a kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa asibitin mishan. Akuyata ɗaya tilo ta tafi a kuɗin mota da kati. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina a taga, ya ce, "Za ka warke in ka yi haƙuri. Amma daga yau abin shanka naka ne kai kaɗai."

Ban ji maganar warkewa ba, ta biyun na ji.

Aka kira sauran bakwai aka gwada su. Allah ya rufa mini asiri, ba wanda ya ɗauka.

Wata huɗu na yi a kwance. Allura kowace safiya, har kunnena na hagu ya yi nauyi, kuma bai dawo ba. Ƙwayoyi cikin tafi. Tofa kaki a gwangwani, hawa sikeli ran Litinin. Na ga an naɗe tabarmar mutum uku a ɗakinmu, na ji tsoro ƙwarai.

Lahadi ta fi kowace rana tsawo. Ina jiyo waƙa daga majami'ar asibiti, muryoyi da yawa, babu wadda na sani.

Innata ta zo sau ɗaya da fura, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗana, ina mutanen naka da ka bar mu dominsu?" Na san hanya da nisa, na san talakawa ne. Na karɓi furar na sha.

Da aka sallame ni, likita ya ce in ci gaba da ƙwayoyi fiye da shekara, in riƙe abin shana har gwajin ƙarshe. Ran jibin Ubangiji na je da gwangwanin shan ruwana, na zauna a waje jikin zana.

Baba Iliya ya leƙo. "Yakubu, mi kake yi nan waje?"

"Baba, lokotoron asibiti ya hana min ƙwarya."

"Mun jiya. Shigo dai."

Na shiga. A kan tabarma ga sababbin ludayi takwas a jere, matarsa Inna Rahila ta ƙona wa kowanne alama a mariƙi. Ta zuba wa kowa nasa daga ƙwaryar. Ba wanda ya dube ni.

Baba ya ce, "Tun ran da ka tahi munka aje ta. Mun ce ba mu sha sai mun cika takwas."

Zoɓon nan da hawaye na haɗiye shi.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibitin, da innata da furarta. Bakwai ɗin nan duk sun riga ni tafiya, ba wanda zan yi wa godiya ido da ido.

Don Allah, tari in ya wuce sati biyu ku je asibiti, kada ku ɓoye kamar ni. Ku sha magani har ƙarshe ko kun ji sauƙi. In likita ya ce a ware wa mutum kwano, ku ware, amma ku zauna ku ci naku inda zai gan ku.

Nawa ludayin ya tsage tuni. Yana nan cikin akwatina.