Rayuwar Kunne, Shugaban Mawaƙan da Ya Rufe Bakin 'Yarsa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da kowa ya sani da laƙabin Kunne a shekara ta 1943, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa kafinta ne kuma dattijo a ikilisiya, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya shiga makarantar mishan a 1951, inda malamai suka lura cewa duk cikar aji, in wani ya kauce a waƙa, shi ne zai nuna shi da yatsa. Daga nan laƙabin ya manne masa.

Sana'a da Hidima

A 1962 ya buɗe shagon gyaran rediyo, sannan a 1968 aka ɗora masa shugabancin mawaƙan majami'a. Yana da wata ɗabi'a a lokacin gwaji: yakan bi sahu yana kara kunnensa kusa da bakin kowa, wanda duk ya ji muryarsa ta zame sai ya ce masa, "Kai dai riƙa motsa baki." Mawaƙansa sun yi fice, ba musu, amma Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka koma gida da ƙuncin zuciya.

Aure da 'Ya'ya

Ya auri wata ma'aikaciyar jinya a 1970, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Autarsu mace ce, yarinya mai waƙa tana shara, tana wanka, har tana aike. A 1991, tana da shekara goma sha biyu, ta shiga ƙungiyar mahaifinta. Ranar farko ya kara kunne, ya yamutsa fuska, ya ce a gaban kowa, "Auta, wannan ai kukan tsohuwar ƙofa ne. Ke ma motsa baki." Aka kwashe da dariya. To, magana zarar bunu ce. Auta ba ta sake waƙa ba, a majami'a ko a gida. Da ta girma ta koma wani birni tana ɗinki, abin da ke haɗa ta da uban sai gaisuwa a waya.

Sauyin Hali

A 2004 wani sabon fasto ya yi wa'azi cewa an bai wa mai bi harshe domin ya warkar, ya kuma gina wanda ke saurarensa, ba domin ya rushe shi ba. Matar Kunne ta zungure shi da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Maigida, da kai fa ake." Abin ya shige shi ƙwarai. Tun daga nan ya riƙa tsayar da mai raunin murya kusa da gwani, yana fara kowane gyara da yabo, waɗanda suka gudu da yawa suka dawo. Ya kuma nemi gafarar Auta. Ta ce, "Ba komai, Baba, ya wuce." Amma bakin bai buɗe ba, wannan kuwa ya tsaya masa a rai shekara da shekaru.

Rashin Lafiya

A 2016 ciwon maƙogwaro ya kama shi, likita ya shaida masa cewa sai an yi masa tiyata, kuma za ta tafi da muryarsa baki ɗaya. Da safiyar ranar tiyatar Auta ta iso asibiti, ta tsaya a gefen gado. Ya kama hannunta ya ce, "Auta, tun ranar da kika yi shiru gidana ya zama kango. Ba murya mai daɗi nake nema ba, taki nake nema." Ta daɗe tana kallon ƙasa, har uwar ta fid da rai. Can sai ta fara waƙa. Wayyo, tun a baitin farko ta kauce, daidai yadda ta kauce a da! Hawaye suka zubo wa tsoho, ya yi doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Madalla, 'yata. Ƙara ɗagawa." Waɗannan su ne kalmominsa na ƙarshe a duniya. Ya rayu bayan tiyata ba murya, amma cikin kwanciyar hankali.

Rasuwa

Ya rasu a 2019 yana da shekara saba'in da shida, aka binne shi a maƙabartar ikilisiya kusa da iyayensa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa direba, na biyu malamin makaranta, ta uku ma'aikaciyar jinya kamar uwarta, sai Auta mai ɗinki, wadda ita ce ta ɗaga waƙa a bakin kabari. Ta ɗauke ta sama fiye da kima, amma mawaƙan duka suka bi ta a haka har ƙarshe.